Yadda Goggo Dobrila Ta Zaga Baƙin Tafki da Mijinta

Goggo Dobrila yayar mahaifina ce. A garinmu na gindin dutsen Durmitor aka haife ta, a nan ta yi aure, amma har ta haura sittin ba ta taɓa zaga Baƙin Tafki ba. Teburinta kuwa yana bakin hanyar shiga tafkin, inda take sayar da zuma da cuku da safar ulu saƙar hannunta. Baƙi kan zo daga ƙasashe da takalma masu tsada, su bi siririyar hanyar da ta kewaye ruwan, kafin rana ta take sun dawo suna haki da murna. Ta dube su ta girgiza kai.

"Mutum da hankalinsa ya je inda ba a aike shi ba, ya dawo ko itacen girki bai ɗauko ba," in ji ta. "Mu dai Allah ya ƙaro mana irinsu."

Mijinta, Baba Milutin, direban motar katako ne, ƙato mai faɗin ƙirji, wanda ba ya son a kama masa ko da buhu ne. Wani hunturu ya faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ya dawo daga asibiti da sanda da karkataccen baki. Likita ya ce maganinsa tafiya, kullum, ko da kaɗan ce. Milutin ya sa aka ajiye masa kujera a jikin taga, ya zauna, ya ƙi fita ko ƙofar gida.

"In fita ina jan ƙafa, waɗanda na koya wa tuƙi suna kallona? Ku bar ni."

Goggo ta yi lallashi, ta yi faɗa. 'Yarsu da ke aure a Jamus ta yi ta kuka a waya. Duk bai motsa ba, sai ramewa yake.

Da ƙanƙara ta narke, wata safiya Goggo ba ta fitar da teburinta ba. Ta ɗaura ɗankwali, ta miƙa masa sandarsa.

"Tashi ka raka ni, tsoho. Jiya wata baƙuwa ta tambaye ni me ke can bayan tafkin, na rasa abin faɗa. Na ji kunya."

"Ba ke kika ce yawon marasa aikin yi ne ba?"

"To yanzu ai mu ne, ni da kai."

Ya yi dariya da rabin baki, ya karɓi sandar.

Da sassafe suke fita, kafin gari ya tashi. Ranar farko ko bencin bakin ruwa bai kai ba, ya juyo yana zagin ƙafarsa. Haka suka yi ta yi duk lokacin zafi, yau su wuce inda suka tsaya jiya da itace ɗaya, gobe su ƙara biyu, sannan su komo ta inda suka bi. Ita tana gaba tana mita, shi yana baya yana cewa ta rage sauri, ba kasuwa za su ba.

Can bayan tafkin hanyar ba wasa ba ce. Ta matse tsakanin ruwa da dutse, ga saiwoyi sun fito kamar jijiyoyin hannu, ga matakalar dutse mai santsi. Ranar da suka ce sai sun zagaye, a nan sandar ta zame. Milutin ya zube a tsakiyar hanya, ƙafarsa marar lafiya ta maƙale a kan saiwa. Goggo 'yar ƙarama ce. Ta ja, ta ja, ko gezau.

Sai suka ji fito. Stanko ne, maƙwabcinsu, tsohon direba shi ma, wanda tun suna samari shi da Milutin ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya fito tsintar naman kaza da kwandonsa.

"Dobrila," in ji Milutin ƙasa-ƙasa, "kowa ya gan ni a haka, ban da wannan."

Goggo ta zauna daɓas kusa da shi a ƙasa, ta kwance ɗankwali ta shimfiɗa, ta fito da burodi da cuku da albasa daga jaka, ta danƙa masa guda a hannu.

Stanko ya iso ya tsaya. "A'a, Milutin! Kai da aka ce ka zama hoton taga? Kalaci a tsakiyar hanya?"

"Wuce ka ba mu wuri, maƙwabci," in ji Goggo. "Tun da aka yi aurenmu nake jira ya fito da ni shan iska. Yau da ya fito da ni za ka zo ka tsaya mana a kai?"

Stanko ya ɗaga hula, ya raɓa ta gefe, ya wuce yana fitonsa.

Da ya ɓace, Goggo ta sake kama hammatar mijinta. Milutin ya ga ta dafe ƙugu tana cije leɓe don kada ya ji nishinta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya buɗe murya har dutsen ya amsa.

"Stanko! Dawo, ɗan banza! Faɗuwa na yi!"

Ashe Stanko bai yi nisa ba, yana bayan wani itace a zaune.

"Ai tun daga nesa na sani," in ji shi yana ajiye kwando. "Wa ka taɓa gani yana cin cuku ƙafa ɗaya a sama? So nake in ga inda girman kanka zai ƙare."

Ya sa kafaɗa ya ɗaga shi. Su uku suka ƙarasa zagayen, Stanko a hagu, Goggo a dama, mazan biyu suna musu a kan wanda ya fi kifar da mota a cikinsu.

Daga ranar Milutin ya daina ɓuya. Ya koma zaman shan gahawa da tsofaffin direbobi, yana jan ƙafarsa a tsakiyar gari, wanda ya miƙo hannu ya kama. Ya ƙara 'yan shekaru a haka kafin ciwon ya dawo ya ɗauke shi.

A zaman makoki na ji labarin nan, daga bakin Stanko, ɗaki cike da mutane. Aka yi ta dariya har da limamin cocin da ya yi addu'ar jana'izar. Goggo, wadda tun rasuwar ba wanda ya ga hawayenta, ta rufe fuska da gefen mayafi ta yi kukanta a gaban kowa. Da ta gama ta share ido, ta ce in tashi in ƙara wa Stanko gahawa, tasa ta huce.