Tambayar da na yi wa ɗiyar abokina a gaban jama'a

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani ofishin kago a unguwar Al Buteen ta Dubai, na yi wani abu da sai yanzu nake iya ba da labarinsa ina murmushi. A lokacin kam babu abin murmushi a ciki.

Aikina shi ne karɓar kayan 'yan kasuwar Kano, in auna, in rubuta suna a jikin kwali, in tabbatar sun shiga kwantena. Amma a zuciyata ni marubuci ne da duniya ba ta gano ba tukuna. Tun ina sakandare na kamu da son ƙagaggun labaran kimiyya, irin na kumbo da mutum-mutumi da rayuwa a wasu duniyoyi. A wajen masu baza tsofaffin littattafai a Sabon Gari nake tsinto su, wasu babu bango, wasu babu shafin ƙarshe, sai dai mutum ya ƙarasa labarin da kansa. Mu huɗu ne a unguwarmu masu wannan ciwo, har muka taɓa fitar da 'yar mujallar fotokwafi, ta fito sau uku ta mutu. Sauran ukun suka yi aure suka bari. Ni na yi aure ban bari ba. Na zo Dubai da littattafan rubutu guda bakwai, cike da labarin wasu Kanawa da suka tashi a kumbo za su kafa gari a wata duniya. Shekara goma sha biyar ina rubuta shi. Babi uku na farko duk bayanin injin kumbon ne, har da yawan man da zai sha.

A Dubai na samu aboki guda mai irin ciwona, mutumin Zangon Kumasi, yana gadi a wani otal a Port Saeed. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci muke zama a bakin ruwa, inda ake loda jiragen katako, mu sayi shayin karak mu yi ta musu a kan littattafan da aka rubuta tun ba a haife mu ba. Ya girmama ni ƙwarai. Malam yake ce mini, kuma duk wanda ya zauna kusa da mu sai ya gaya masa cewa wannan bawan Allah shi zai fara kai Hausa sararin samaniya. Ina jin daɗin hakan fiye da yadda nake nunawa.

Wajen 2012 ɗiyar yayarsa ta zo daga Kumasi. Shekarunta ashirin da huɗu, ta samu aiki a shagon turare a ɗaya daga cikin manyan kantunan nan, tana zaune a Al Nahda a filat ɗaya da wasu mata bakwai. Wata Juma'a ya zo da ita, ya ce ita ma tana rubutu. Na tambayi littafin rubutunta, ta miƙo mini waya. A bas take rubutawa, safe da yamma, da babban yatsa ɗaya.

Labarin gajere ne. A wani gari na nan gaba, ana liƙa wa duk mai aikin shago wata na'ura a maƙogwaro, wadda ke juya duk abin da ya faɗa ya koma magana mai daɗi kafin ta isa kunnen mai saye. Wata rana aka aiko wa yarinyar da ke cikin labarin cewa mahaifiyarta ta rasu, tana tsaye a bakin aiki. Ta juya ta gaya wa matar da ke gabanta, sai na'urar ta ce: barka da zuwa, me za a ba ki?

Na karanta shi har ƙarshe. Na sani sarai cewa a cikin littattafaina bakwai babu shafi ɗaya da ya kai wannan. Amma abin da ya fito daga bakina daban. Na ce ta yi ƙoƙari, sai dai wannan ba labarin kimiyya ba ne, domin ba ta bayyana yadda na'urar ke aiki ba. Na sa aka buga mini shi a takarda a ofis, na bi shi da jan biro. Hausarta ta Zango ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu, na zagaye kowane ɗaya. A ƙasa na rubuta mata da manyan baƙaƙe: kimiyya ba kuka ba ce. Ta karɓa hannu biyu, ta ce ta gode, Kawu.

Ba ta gyara komai ba. Ta saka shi a shafinta na intanet yadda yake, da Hausa da Turanci. Mu a zamaninmu sai ka aika labari ta gidan waya, ka jira wata shida a dawo maka da shi, ko ma a ƙi amsa ka. Ita cikin mako biyu mutanen da ba ta taɓa gani ba suna ta yaɗa shi. Wata mujallar intanet ta irin waɗannan labarai ta ɗauka, daga baya kuma ta saka shi cikin jerin waɗanda masu karatu za su zaɓi gwani na shekara.

Abokina ya bi kowa yana roƙon ƙuri'a, har masu shara na otal ɗinsu. Ya zo ofishinmu da rana tsaka, gumi sharkaf, ya ce, "Malam, taka ƙuri'ar ta fi ta kowa daraja a wurinta." Na ce in sha Allah. Da ya fita na buɗe kwamfutar ofis, na zaɓi wani labarin da ko rabinsa ban karanta ba. Ban tsaya nan ba. Na ƙirƙiri wani suna, na shiga ƙarƙashin labarinta na yi dogon sharhi, cewa yaran yanzu ba su karanta magabata ba, sun mayar da fagen wurin kai ƙarar masu gidansu, kyaututtuka kuma sun koma na wanda ya fi yawan abokai. Na gama na koma auna kwalaye kamar mutumin kirki.

Ta ci kyautar. Ba wani kuɗi ba ne, amma sanadiyyarta aka gayyace ta wani babban taron masoya irin waɗannan labarai da ake yi a nan Dubai, ta zauna a kan dandamali tare da wasu marubuta matasa. Ita da kanta ta kawo mini katin shiga.

Na saka babbar rigata mafi kyau, na zuba littattafaina bakwai a jaka. Me ya sa na ɗauke su? Har yanzu ban da amsar da ba ta ba ni kunya. Ina ganin na zaci za ta ambaci sunana, in miƙe a hankali in ɗaga hannu, wani mai buga littattafai ya biyo ni waje.

Tun daga ƙofa na san na shigo gidan da ba nawa ba. Na yi shekara talatin ina mafarkin irin wannan taro, ina zaton ɗaki ne na dattawa masu tabarau. Sai ga makeken zaure cike da yara, Larabawa da Indiyawa da Filifinawa, sun yi shigar jarumai na fina-finai da wasannin kwamfuta, wannan da takobin roba, waccan da shuɗin gashi. Wani saurayi ya tsayar da ni ya nemi mu ɗauki hoto, yana tambayar wane sarki na kwaikwaya da wannan riga. Na ce masa kayana ne na Juma'a. Na tsaya a rumfar littattafai na ambaci marubuta uku da na girma a kansu, mai rumfar ta san ɗaya, ta ce kakanta na son sa.

Aka fara zaman. Mai gabatarwa ya tambaye ta wa ya taimaka mata. Na gyara zama. Ta ambaci matan da suke filat ɗaya, waɗanda take karanta wa labari suna guga. Ta ambaci wata yarinya a Manila da ba su taɓa haɗuwa ba, wadda ta gyara mata Turancin. Ta ambaci kawunta mai gadi. Shi ke nan. Abokina na gefena yana share ido, ni kuwa jakar da ke kan cinyata ta ƙara nauyi.

Da aka ba da damar tambayoyi na riga kowa ɗaga hannu. Na faɗi shekarun da na yi ina karanta wannan fanni, don kowa ya san da wa yake magana. Sannan na ce ina so marubuciyar ta bayyana mana yadda na'urar tata ke aiki, da wane irin batir, kuma idan ba za ta iya ba, ta gaya mana me ya sa ake kiran wannan labarin kimiyya.

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta. Ta fara amsawa da Hausa, kafin ta maimaita da Turanci.

"Kawu, awa goma sha biyu nake saka ta kullum. Ba ta cin batir."

Aka yi tafi mai tsawo. Na zauna. Na ma taya su tafin, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Muka komo tare da abokina a jirgin ƙasa, muka sauka a Deira. A bakin tasha ya tsaya, ya ce tun ranar da sharhin nan ya bayyana yarinyar ta san ni ne. Na fara rantsuwa, ya ɗaga mini hannu. Ya ce a tsakiyar sharhin na rubuta kimiyya ba kuka ba ce, kuma takardar jan biron tana nan a akwatinta. Ita ta hana shi yi mini magana, ta ce kada ya rasa abokin hirarsa saboda ita.

"Ni na kawo ta wurinka," in ji shi. "Na gaya mata babu wanda zai fahimce ta a garin nan sai kai. Khalas, shi ke nan, Malam, sai an jima."

Juma'a huɗu ina zuwa bakin ruwa ni kaɗai. Nakan sayi karak biyu bisa sabo, ɗaya ya huce. A cikin makonnin nan na gina hujjoji iri-iri: cewa tambayata ta ilimi ce, cewa yaran zamani ba sa son gyara. Na kira matata a Kano na zayyana mata komai, ina jiran ta goyi bayana. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko labarin yarinyar yana da daɗi. Na ce ba wannan ake magana ba. Ta ce to ta ji amsar.

Ranar Asabar na shiga bas zuwa kantin da yarinyar take aiki. Na jira har ta sallami masu saye, na ce mata ni ne na rubuta sharhin, kuma ban zaɓe ta ba, kuma labarinta ya fi duk abin da na taɓa rubutawa. Wannan na ƙarshen ya fi wuyar fita. Ta ce ta daɗe da yafewa, amma ba za ta ɓoye mini ba, ranar da ta ga sharhin ta shiga banɗakin shago ta yi kuka, don tana ganin idan ni na ce ba ta iya ba, to ba ta iya ba. Daga nan ta ce in kawo mata littattafan nan da na yi ta yawo da su a taro. Ashe ta ga jakar.

Wata guda ta yi da su. Ta dawo mini da su a bakin ruwa, tare da kawunta, wanda ya zauna ya karɓi shayinsa kamar jiya muka rabu. Ba ta yi amfani da jan biro ba. Ta ce in zubar da babi ukun injin gaba ɗaya. Ta ce a littafi na biyar akwai tsohuwa mai dafa wa matafiya abinci, wadda ta ɓoye kalwa a ɗankwalinta tana ta ƙoƙarin yin daddawa a cikin kumbo, warin na tayar da ƙararrawar haɗari. Ta ce wannan tsohuwar ce labarin, saura duk rakiya suka yi mata.

Na ji haushi sosai. Shekara goma sha biyar, a ce shafi tara ne masu rai. Na yi kwana uku ina cewa a raina me ta sani. A na huɗu na zauna na fitar da tsohuwar. Mujallar nan tata ta buga labarin bayan wasu watanni. Bai ci kyauta ba, bai ma shiga jeri ba. Mutum goma sha ɗaya suka yi sharhi, na san adadin don kullum sai na leƙa.

Abin da na gane daga baya shi ne, duk shekarun da na yi ina addu'ar a samu masu rubuta irin wannan labari da Hausa, ashe akwai sharaɗin da ban furta ba: ni zan fara, su biyo baya suna gode mini. Da addu'ar ta karɓu ta hannun wata, sai na tsaya a ƙofa ina duba takardun masu shiga, alhali ba wanda ya ba ni gadin.

Na dawo gida tuntuni. Ita ta bar shagon turare, littattafanta uku yanzu, kuma ba ta fasa kirana Kawu ba. Zan so in ce muku ƙyashin ya tafi gaba ɗaya, amma ƙarya zan yi. Duk lokacin da ta fitar da sabon littafi, ni ne na farko da ke aikawa a sayo mini. Sai dai yakan yi mako guda a kan tebur, ina wucewa ina hararar sa, kafin in iya buɗe shafin farko.