Ajamin Kakar Oga

Shekarata ta biyu ina tuƙi a Doha aka haɗa ni da wani injiniya Bature mai gaggawar tsiya. A Ingila aka haife shi, amma asalinsu 'yan ƙasar Foland ne. Kullum na ɗauko shi daga unguwar Al Sadd, ƙafarsa na rawa a kujerar baya har mota ta ɗauka. Ni ma ba haƙuri gare ni ba, sai hali ya zo ɗaya.

Abin da ya hana shi sakat wani tsohon littafi ne na kakarsa, rubutun hannu da baƙaƙen Larabci. Ashe tun da daɗewa akwai Musulmi a ƙasar tasu, kakar daga cikinsu take. Ya ce bayan yaƙin duniya na biyu aka matsar da iyaka, mutum ya kwanta a ɗakinsa ya wayi gari a wata ƙasa. Aka loda su a jirgin ƙasa, sai gudun hijira. Mahaifinsa yana goye a lokacin. Yanzu ga mahaifin nan kwance a asibiti, rai a hannun Allah, tambayarsa ɗaya: sunan ƙauyen da aka haife shi. Tsohuwar har ta rasu ba ta yarda ta faɗa ba. Shi ya sa Oga yake fatan sunan yana cikin littafin.

Sati uku muna zarya a lungunan unguwar Mushairib wurin masu fassara. Kowa ya duba sai ya ce Fatiha kaɗai ya gane, sauran ba Larabci ba ne. Wani ma cewa ya yi laya ce, mu fitar masa da ita daga shago. Wallahi na ƙosa. Ga zafi, ga babu wurin fakin, ga Oga na ta buga mini kujera.

Ranar da ya cire rai, ya jefa littafin a kujerar gaba. Danja ta tsayar da mu, na buɗe don tsabar karambani. Sai na ga wasali a kan kowane baƙi, ga wasu baƙaƙe masu ɗigo uku, irin wasiƙun da babana yake aiko mini.

"Oga, wannan ai ajami ne."

"Mene ne kuma ajami?"

"Baƙaƙen Larabawa, bakin mutanenku. Mu ma haka muke yi. Bari in karanta, kai ka saurara."

Na gangara gefen titi na fara. Harshena na sarƙewa, ban san me nake faɗa ba. Ƙafar Oga ta daina rawa.

"Sake," in ji shi. "A hankali."

A shafin ƙarshe tawadar ta sauya. Ina karantawa yana fassarawa: sun bar saniya wurin maƙwabci, sun bar makulli a ƙarƙashin dutse, sun bar 'yarsu ta fari a maƙabartar bayan masallaci. Sai sunan ƙauyen.

Nan take ya kira asibitin, ya kara mini wayar a baki. Ni, direba daga Funtuwa, na karanta wa tsohon da ban taɓa gani ba maganar uwarsa. Tausayi ya kama ni.

Sai tsohon ya yi wata 'yar magana.

"Me ya ce, Oga?"

Sai da ya share fuska da hannun riga.

"Cewa ya yi, ashe yana da yaya mace."