Babban Yatsan Ishaya

Shekara goma sha shida ke nan Ishaya, masinjan ofishinmu, yana jiran kora. Wallahi ban ƙara ko ɗaya ba.

Ranar da aka shigo mana da kwamfutoci a kwalaye, wani mai kwat ya miƙe ya ce, "Nan da wata shida babu sauran fayil ɗin takarda a ma'aikatar nan." Ishaya na bakin ƙofa rungume da fayil takwas, don aikinsa ke nan, hawa da sauka da su. A makon ya kwashi matarsa Patricia da yara uku ya mayar ƙauye, ya saki ɗaki biyun da yake haya a Nyanya ya koma guda. Wai kada korar ta same su a Abuja.

Wata shida ya wuce, shekara shida ta wuce. Kwamfutar ma aiki ta ƙara masa: a aiko saƙo, a buga a takarda, oga ya sa hannu, Ishaya ya ɗauka. Na sha ce masa, "Haba Baba Ishaya, ka dawo da iyalinka mana! Abin nan tafiyar hawainiya yake yi." Sai ya ce, "Madam Nafeesa, korar bana ce." Kowace shekara bana ce! Autarsa ta girma ba ta ganinsa sai Kirsimeti.

Saura wata tara ya yi ritaya aka kawo wata 'yar na'urar tantance ma'aikata, ba ta fi sabulu ba. Duk wanda ba ta karanta yatsansa ba, sunansa ma'aikacin bogi, babu albashi, babu fansho. Ishaya har dariya ya yi mata.

Ya ɗora babban yatsa, ta kawo jar wuta. Ya goge a riga ya sake, ja. Ya gwada duka goman. Shekara talatin da huɗu yana juya takarda, zanen yatsun ya shafe sumul. Ina bayansa a layi ina kallo.

"Oga, kowa ya san ni a nan," in ji shi. "Bari in rubuta koke in kai sama da kaina."

Mai na'urar bai ko ɗago ba. "Baba, wannan ba ta karɓar takarda. Ranar Juma'a take rufewa."

Yau Laraba. Yana zaune a benci yana kallon hannuwansa, bai ma gaya wa Patricia ba.