Fijil a Kangon Kawu

Bayan gidanmu a Sheshe akwai wani kango na kawuna, yayan mahaifiyata. Ɗakuna biyu ne a da, damina ta kwantar da su, ƙasar ta zauna ba mai taɓa ta sai ni. Ina shuka alayyahu da yakuwa da 'yar albasa, in ba su ruwa daga rijiyar gidanmu bayan sallar asuba. Babban ɗan Kawu, wanda abokin wasana ne, ya daɗe yana son a ba shi wurin ya gina shaguna. Kawu kuwa ya yanke magana tun da wuri. Ya ce muddin ƙasar tana ciyar da mutane ba mai taɓa ta, amma ranar da aka fara zubar da abin da ta bayar, to zamana a cikinta ya ƙare.

A wata shekara wani abokin karatuna ya dawo daga Umara ya kawo mini ƙunshin iri. Ya ce fijil ne, Larabawa suna cin sa da komai. Saiwa ce kamar karas, fara sol, mai yaji-yaji da ke hawa hanci. Ban taɓa shuka shi ba. Da sanyi ya shigo na watsa irin duka lokaci guda, yadda nake yi wa alayyahu, na cika kangon daga bango zuwa bango. Shi alayyahu kana yanka yana tohowa. Fijil ba haka yake ba. Kwana arba'in bai cika ba ya nuna gaba ɗaya, wanda ya daɗe a ƙasa kuma cikinsa ya soma zama kamar soso. Dole na tone shi duka. Kwando shida.

Mai ɗakina ta zuba a kwanuka ta aika gidajen maƙwabta. Ran farko kowa ya yi godiya. Rana ta biyu kwanukan suka fara dawowa da abinsu a ciki, tare da saƙon cewa na jiya ma bai ƙare ba. Wata maƙwabciya ta zuba wa awakinta, suka cinye ganyen suka bar mata saiwar. Na kai wa mai kayan miya na bakin layi, ya juya guda ɗaya a hannunsa, ya ce shi ba ya kasa abin da sai ya yi wa mai saye wa'azi a kansa.

Ran Asabar ɗan Kawu ya same ni a zaure, kwandunan shida suna jere a bayana kamar ba a ɗiba ba.

"Malam manomi," in ji shi, "na ji har awaki sun yi maka kara sun ɗanɗana. Baba ya ce in gaya maka zai shigo ran Juma'a in an sauko daga masallaci."

Na ce Allah ya kai mu. Ya tafi yana auna bangon kangon da tafiya, taku ɗaya-ɗaya, don dai in gani.

A ranar na nufi Goron Dutse wurin wata Hajiya, ƙawar marigayiya mahaifiyata, wadda ta yi zaman Sudan shekaru da yawa. Ta ce a can ba sa barinsa ya lalace, jiƙa shi suke yi. A wanke, a yanka, a zuba a ruwan gishiri da aka tafasa ya huce, a ƙara ruwan kal, wato ruwan tsamin nan na kwalba, a rufe kwana huɗu ko biyar. Ta ce zai yi watanni ana ci da shinkafa. Na rubuta da ajami a bayan takardar irin, na maimaita mata, ta ce haka ne.

Ran Lahadi muka wuni muna yanka. Kwando huɗu muka jiƙa a manyan bokitai masu murfi. Sauran biyun mai ɗakina ta ce ita dai abin da ta sani za ta yi, ta yayyanka su fale-fale ta shanya a kan soro kamar kauɗar tumatir. Daga nan sai jira. Kullum in na wuce bokitan sai in tsaya in dube su, in yi addu'a, in wuce.

Ran Alhamis da hantsi na buɗe na farko. Warin ya buge ni har na ja da baya. Ruwan ya yi kauri yana yauƙi, fijil ɗin ya narke, in ka taɓa sai ya bi yatsa. Na buɗe na biyu, na uku, na huɗu, duk haka. Na ɗauko takardar ina bin ta layi-layi, ban ga inda na kauce ba. Mai ɗakina tana tsaye a ƙofar madafi. Can ta ce, "Malam, ni na sa kanwa."

Ta ce bayan na fita ta ɗanɗana ruwan, ta ji tsamin ya fi na ɗanyar yakuwa, ta tuna Kawu yana fama da gyambon ciki. Kowace mace a birnin nan in tsami ya yi yawa a tukunya kanwa take jefawa, ita ma ta jefa. Ba ta san tsamin ne ke tsare abin ba, ni ma Hajiya ba ta gaya mini ba, ban kuwa tambaya ba.

Na yi niyyar in kai bokitan juji kafin Kawu ya zo washegari, har na kinkimi ɗaya zuwa zaure. A nan na ji mata biyu a lungu suna tambayar juna ko mushe ne a kwata. Na ajiye. Unguwa ta riga ta sani, ƙarya kawai zan ƙara a kan asara.

Ran Juma'a Kawu ya shigo da sandarsa, ɗansa a bayansa. Na shimfiɗa masa darduma, muka gaisa, gaisuwar ta yi tsawo. Kafin ya tambaya na faɗa masa komai, na ce kuskuren daga shukar ya faro, kuma ni na shuka. Ya ce a buɗe masa bokiti ɗaya. Ɗansa ya toshe hanci da hannun riga, Kawu kuwa ya leƙa ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambayi ina sauran kwando biyun. Mai ɗakina ta kawo busasshen a faifai, da tuwo da miyar da ta yi da shi. Ya yi bisimilla, ya kai loma uku, ya wanke hannu.

"Kwando nawa ka ce ya lalace?"

"Huɗu, Kawu."

"Biyu kuma sun tsira."

Na ji ana kiran la'asar a wani masallaci mai gaggawa. Sannan Kawu ya ce shi ba ya mayar da maganarsa ciki, amma ba zai hukunta kwando biyu da laifin huɗu ba. Ya miƙa wa ɗansa sandar, ya ce ya raba kangon uku. Kashi biyu na bakin hanya nasa, kashin da ke jikin bangonmu nawa. Ruɓaɓɓen kuma kada a kai juji, a haƙa rami a binne shi a gefena.

Ɗan Kawu ya ja layin da sandar, bai yi mini wasa ba ko kalma ɗaya. Da ya gama sai ya tuɓe babbar rigarsa ta Juma'a ya rataye a ƙofa, ya ce in kawo fartanya biyu mu haƙa ramin.