Minti Ɗaya a Allon Salisu

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Salisu. Da ƙarfe huɗu da kwata na yamma ya cika a gidanmu na Aboabo, ni da matarsa Rahinatu da limaminmu Afa Yakubu muna zaune a kansa. Allah ya jiƙansa.

Mutanen Tamale sun san shi da gyaran kwamfuta. Mu 'yan unguwa mun san shi da allon lantarkin da ke bangon masallacinmu, mai nuna lokutan salla. Shi ya rubuta lissafin da kansa, ya harhaɗa shi a wata ƙaramar na'ura da ke bayan allon.

Karatuna bai yi nisa ba, amma ranar da ya yi aikin ina gefensa, ya kuma bi da ni daki-daki. Da farko mutum ya rubuta umarni. Sannan wata manhaja, kompaila, ta juya rubutun zuwa abin da na'ura ke ji. Kafin ta juya, sai ka zaɓa mata iya dabarar da za ta yi don aikin ya yi sauri. Akwai matakin da ba ta taɓa komai, akwai na ɗaya, na biyu, na uku. Can sama akwai wanda ke ba ta izinin sake tsarin lissafi yadda ta so, ko da guntun lamba zai zame. Salisu ya tsaya a na biyu.

Na ce, “Ga na sama, ka laɓe a tsakiya kamar mai tsoron tsani?”

Ya ce, “Yaya, saurin me allon zai yi? Zai riga rana faɗuwa ne?”

Bana na'urar ta fara gajiya. Kwamitin masallaci ya ɗauko wani ɗan kwangila daga unguwar Choggu, ya kwashe rubutun Salisu ya harhaɗa a sabuwa, da matakin can na sama. Ya ce haka ake yi yanzu. Tsohuwar tana ɗakina, tana tashi in an lallaɓa ta, sai na riƙa gwada su. Yawancin ranaku bakinsu ɗaya. Wasu ranakun kuwa sabuwar takan ce magariba ta yi, tsohuwar tana cewa saura minti ɗaya.

Da na faɗa wa ɗan kwangilar, dariya ya yi. “Alhaji, minti ɗaya kawai? Wataƙila taka ce ta ruɗe.” Wataƙila. Na ce to ya sake harhaɗawa da na biyu a gabanmu, mu gani. Tun daga nan kullum sai ya ce babur ɗinsa na wajen gyara. Ban ce ya cuce mu ba. Amma mai gaskiya, me zai hana shi zama?

Da Salisu na raye ba zai yi musu ba. Zai harhaɗa sau biyu, ya jera lokutan shekara gefe da gefe, ya bar kowa ya duba da idonsa. Abin da ya bar mini ke nan: ba ya yarda da aikin da bai gwada ba, ko da nasa ne.

Azumi ya matso. Ladan allon yake kallo, unguwa kuma ladan take saurare kafin ta kai ruwa baki. In kai mai karatu ka san wannan aiki, ko 'yarka ta sani, ku zo Aboabo bayan la'asar, ku tambayi yayan Salisu mai kwamfuta. Ku harhaɗa mana da mataki na biyu a gaban kwamiti kafin a ga wata.