Gwaggo Asabe da Littattafan Mutane

Duk wanda ya taɓa rakiyar Gwaggo Asabe a titin 125th ya san ba a sauri da ita. Da ta hango teburin tsofaffin littattafai, shi ke nan, tafiya ta ƙare. Za ta gyara mayafi, ta ɗora tabarau a kan hanci, ta lashi yatsa. Na girki, na soyayya, na tarihin yaƙi, na kiwon zuma, duk ɗaya ne a wurinta. Ta leƙa wannan ta ajiye, ta jawo wancan. Saye kuwa, haram!

"Miyar kasuwa ɗanɗana ta ake yi," in ji ta.

Ni 'yar ƙanenta ce, a hannunta na tashi, don haka ni na fi kowa shan tsayuwa. Kun tuna teburinta na turaren wuta da man kaɗanya yana jikin na wani ɗan Jamaika mai sayar da littattafai, wanda ta laƙaba wa suna Dogo. Masu sayen turare na jira, ita tana can tana karatu a tsaye. Wata rana Dogo ya sayar da littafin da ta kai tsakiyarsa. Wayyo! Ta bi mai sayen da gudu, takalmi na faɗuwa, ta cim masa a bakin matakalar jirgin ƙasa.

"Ɗana, tsaya! Na bar wata mata a cikin teku, ban san ko ta fita ba."

Bawan Allah ya miƙa mata don mamaki. Ta buɗe ƙarshe, ta karanta, ta mayar masa.

"Ta nutse. Tafi abinka, ka yi asara."

A laburaren unguwarmu ta Bronx ma ba su huta ba. Ma'aikaciyar ta kama ta tana kwashe littattafan shari'ar saki tana jera su kusa da na soyayya.

"Mama, ba nan ne wurinsu ba."

"Nan ne, 'yata. Gara yara su ga hanyar da kuma inda ta ɓulle."

Matar ta yi ta bayani cewa wannan ɓangaren ƙagaggun labarai ne, wancan kuma na gaskiya. Gwaggo ba ta yarda ba. Littafin da ya ce akwai tauraron da ya fi duniya girma, shi ne ƙarya a wurinta. Mutanen cikin labari kuwa 'yan'uwanta ne. Ai kuna nan ranar sunan ɗan Hajiya Mariya a titin Grand Concourse, da Gwaggo ta aika wa Liman cewa a sa wani bawan Allah a addu'a, matarsa ta gudu ta bar shi da 'ya'ya uku. Liman ya zage ya yi addu'a, muka shafa, har da masu share hawaye. Bayan an gama ya leƙo ya ce wa Gwaggo, "Hajiya, mutumin nan ɗan Maraɗi ne ko ɗan Kumasi? A kai masa gudummawa."

"Allah gafarta Malam, yana cikin littafi. Amma wallahi yana cikin wani hali."

Liman bai sake karɓar saƙonta ba sai ya tambayi lambar gidan mai shi.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne na asibiti. Ta karanta rabin wani littafin likitanci a tsaye, ta dawo gida ta ce ta gano ciwonta, maza in raka ta. Ta rubuta sunan ciwon a tafin hannu, ta nuna wa likita. Likitan ya duba, ya dube ni, ya danne dariya.

Na ce, "Gwaggo, ya ce wannan ciwon maza kawai yake kamawa."

"To, ni da nake tsaye a titi cikin ƙanƙara kamar kowane namiji, ciwon ne zai tsaya tantancewa?"

Haka muka dawo da maganin ciwon gwiwa, tana ta mitar likitocin zamani ba sa karatu.

Da idonta ya yi rauni, ni nake karanta mata. Ban taɓa kai shafi uku ba sai ta ce, "Bilki, canza, mu ji me maƙwabcinsa ke cewa." Ranar nan na gaji na ce, "Wai Gwaggo, me kike nema a cikinsu ne?"

Ta ce farkon zuwanta ƙasar nan, ba ta iya karanta ko harafi ɗaya na boko ba. Ta shiga jirgin ƙasa na layin D za ta gida, ta kasa gane sunan tasharta, har ya kai ta ƙarshen layi a bakin teku. Ta zauna a benci tana kuka, ga alluna ko'ina suna faɗin hanya, ita ba ta ji.

"Ranar na yi wa kaina alkawari, ba rubutun da zai sake wuce ni ban gaishe shi ba."

Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya haskaka kabarinta, ya ba ta littafinta a hannun dama. Amin.