Kunyar Suruki Ta Hana Ni Faɗin Tsagar Da Na Gani

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ni injiniya ne na gine-gine, haifaffen Dakoro. Lokacin da abin nan ya faru ina tsakiyar ƙarfina, ina ji da kaina ƙwarai. Tun da na gama karatu na shiga ƙungiyarmu ta injiniyoyi, har yau ina ciki. Na fara daga biro, wato ofis, ina karɓar sababbin shiga, aka maida ni wajen shirya wa matasa horo, daga nan aka sa ni cikin masu zagayen duba ayyukan da 'yan ƙungiya suka gina. Duk matakin da na taka, wani dattijo ne cikin manyanmu ya riƙe mini hannu. Shi ya tsaya mini na shiga, shi ya koya mini aiki, da muka daidaita da 'yarsa kuma ya ba ni ita. To daga ranar nan maigidana ya koma surukina, bakina ya mutu a gabansa. Mutumin da muke kwasar musu kan ƙarfe da siminti, sai ga shi in na hango shi na tuɓe takalmi na durƙusa. Ba na cin abinci inda yake, ba na kama sunansa. Haka muka tashi muka iske ana yi, ban taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba.

Wata bazara aka tura ni arewa, wajen Tagriss, in duba wani shato, tankin ruwan nan na siminti da ke tsaye bisa ƙafafu huɗu. Surukina ne ya gina shi shekaru da dama baya. Na iske wurin maƙil: shanu, raƙuma, jakuna, kowa na jiran layinsa a kwami. Duk faɗin dajin nan babu wata inuwa sai ƙarƙashin tankin, nan mata suke zama da bidoninsu, wato jarkokin ruwa, wasu da goyo. Ina zagayawa sai na ga tsaga a ƙafar da ke gabas. Na zura hannu, ya shige har wuyan hannu. Ƙarfen ciki ya ci tsatsa, ina taɓawa yana marmashewa, ƙasar gindin kuma ta jiƙe sharkaf da ruwan da ke zuba. Na ja baya na duba, tankin ya karkata. Na ce wa mai kula da famfo ya hana mutane zama wurin. Ya yi dariya, ya tambaye ni wace inuwar na kawo musu a mota.

Ƙa'idar ƙungiyarmu a fili take. In ka ga aibi a aikin ɗan ƙungiya, shi za ka fara tarar da shi baki da baki, ku tafi tare wurin magajin gari a sauke ruwan. In ya ƙi, sai ka kai magana Yamai, wurin shugabannin ƙungiya. Ni kaɗai ba zan iya rufe wa makiyaya ruwa a tsakar bazara ba, kowa ya ji ni cewa zai yi na zo kashe musu dukiya. Don haka na kama hanyar Maraɗi kai tsaye, na yi sallama ƙofar gidan surukina, na durƙusa. Ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, sannan da bakinsa ya tambaye ni yaya na iske aikin arewa. Wallahi maganar tana nan kan harshena. Na kalli furfurarsa, na kalli ƙasa, sai na ji kaina ina cewa lafiya lau, Baba. Na fito ina zufa kamar wanda ya yi noma.

Sai na bi hanyar da kowa ke bi in magana ta fi ƙarfin bakinsa. Na zaunar da matata na faɗa mata komai, na ce ta kai wa mahaifiyarta, ita kuma ta kai wa Alhaji, surukin nawa. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya dawo wai ya gode, in damina ta wuce zai tura magini. Wai sai damina ta wuce! Na tsare matata da tambaya, ashe ita cewa ta yi shaton yana son gyara. Uwar kuma ta jira sai da ta ga ransa fes, ta ce yaron nan ya yaba aikin, ɗan yaɓe kawai ya rage. Na yi faɗa ranar har maƙwabta suka leƙo. Matata ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni, ni da na zura hannu cikin tsagar na kasa, ita ce za ta dubi ubanta ta ce masa aikinsa zai kashe mutane? Wannan tambaya ta ƙara mini haushi.

Na yi tunanin tsallake shi in kai magana Yamai, sai na ga wannan ya fi muni. Za a ce na tona wa surukina asiri don ina hararar kujerarsa. Na zauna tsakiya, abinci ba ya shiga. Hadari ya fara haɗuwa gabas, kuma na san irin iskar da ke zuwa gaban ruwan farko a arewa. Kullum sai in ce gobe zan koma in faɗa masa, gobe ta zo in sami wani aikin biro in laɓe bayansa. Na ƙudura ranar Juma'a bayan masallaci zan tare shi ko da kunya za ta kashe ni. Ranar Laraba da azahar mai kula da famfo ya kira ni ya ce shato ya faɗi.

Allah ya taƙaita, iskar ta kori yawancin mutane kafin ya zube. Jakuna da shanu sun mutu. Wata mata da ta koma ɗaukar bidonta, ɓaraguzan suka danne mata ƙugu. Na garzaya can, ni na ɗauko ta a motata zuwa asibitin Maraɗi, duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati. A ƙofar asibitin ne surukina ya iske ni. Bai jira na durƙusa ba, ya tambaye ni ko na ga tsagar nan tun zuwana na fari. Na ce na gani. Sai ya ce shi 'ya ya ba ni, bai sayi bakina ba, kuma ya koya mini aiki ne don in ga abin da idonsa ya tsallake. Ya ce da na faɗa masa ranar, da a motata za mu koma tare. Da kansa ya je ya ajiye muƙaminsa, bai sake gina ko katanga ba har ya rasu. Ni ma na faɗi abin da na sani gaban manyan ƙungiya, aka dakatar da ni wani lokaci, daga baya aka maido ni.

Yau ni ke horar da masu zagayen duba ayyuka, kuma ban daina ganin girman surukai ba. Abin da na gane shi ne, maganar da rai ke ciki ba a ba da ita saƙo, don duk bakin da ta bi sai ya rage mata zafi saboda ladabi. Matar nan da sanda take tafiya yanzu. In ta gan ni a kasuwar Dakoro sai ta tsaida ni ta yi ta sa mini albarka, tana faɗa wa mutane ni ne bawan Allah da ya kai ta asibiti, wani lokaci har da cuku take kawo mini. Ina karɓa, amma ban taɓa iya ci ba. 'Yan uwana masu aiki irin nawa, da duk wanda ya ga abin da zai halaka mutane a hannun babbansa, don Allah ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka sunkuyar da kai yadda kake so, amma ka buɗe baki ka faɗa da kanka, a ranar.